A ɗauki fim ɗin a Kasuwar Kwastam, amma baƙar jakar nan ta zauna a gida



Makon jiya ɗan ƙanwata, wanda ke karatun aikin jarida a ɗaya daga cikin manyan makarantun garin nan, ya same ni bayan La'asar riƙe da takardu huɗu. Aiki aka ba su, su biyar a rukuni ɗaya: su tsara mabuɗin fim mai sa zullumi, irin wanda ake kallo zuciya na dukan uku-uku, su ɗauka da kansu, kada ya wuce minti biyu. Farkon fim ɗin kawai ake so, wurin da sunaye ke fitowa. Ya ce, "Kawu, Kasuwar Kwastam muka zaɓa. Ka san mutane a can, ka yi mana hanya."

Na karɓa na karanta. Wani saurayi ya sauko daga Keke Napep goye da baƙar jaka. Ya kutsa cikin cunkoso, ya waiga hagu da dama, ya tura jakar ƙarƙashin teburin mai tumatir, ya juya da sauri. Kyamara ta tsaya a kan jakar, ana jin ƙarar agogo, sai duhu, sai sunan fim. A gefen takardar har sun rubuta cewa ba za a sanar da kowa ba, don a samu ainihin fuskokin mutane.

Na tambaye shi wa zai goya jakar. Ya ce shi ne. Na ce, "Mahaifiyarka ta sani?" Ya yi shiru yana murza biro.

Na kawo maganar nan ne saboda na tabbata ba su kaɗai ba ne. Kowane zangon karatu ana ba yaranmu irin wannan aikin, wayoyin da ke aljihunsu kuma sun isa su ɗauki hoto mai kyau. Ra'ayina shi ne a bar su su shiga kasuwa su yi fim, mu ma mu taimaka musu. Jakar ce kawai ban yarda da ita ba, da kuma ɗauka a ɓoye.

Ban ga laifin yaron ba a kan inda ya samo dabarar. Duk wanda ya nemi darasin mabuɗin fim a intanet zai ci karo da Touch of Evil, fim ɗin Orson Welles na 1958, wanda aka buɗe shi da wani mutum yana sa bam a but ɗin mota, kyamara ta bi motar sama da minti uku ba a yanke ba. Zai kuma ci karo da misalin da Alfred Hitchcock ya shahara da shi: mutum biyu na hira a tebur, akwai bam a ƙarƙashi. In mai kallo bai sani ba, firgitar 'yan daƙiƙoƙi zai samu lokacin da ya tashi. In kuwa an nuna masa tun farko, duk tsawon hirar a kan ƙaya zai zauna. Darasi ne mai kyau. Sai dai Welles da dare ya ɗauki nasa, a wata unguwa ta Kalifoniya, titin yana hannun ma'aikatansa, duk wanda ya gifta a gaban kyamara ya san fim ake yi. Mai tumatir na Kwastam bai sani ba. Shi abin da ya sani daban ne.

Kowa a garin nan ya san dalilin da ya sa aka hana hawa babur tun 2011. Mun san ranar 25 ga Nuwamba 2014, da 'yan mata biyu suka tashi bam a Kasuwar Monday. Yankin Gamboru da Kwastam shi ma ya sha nasa rabon. Akwai shekarun da ba ka shiga kasuwa sai an laluba ka, mace mai hijabi sai ta ɗaga hannu tun daga nesa. Mutanen da suka rayu cikin wannan, jikinsu ne ke yanke hukunci kafin ƙwaƙwalwa ta yi tunani. Mutum ɗaya ya isa ya ga jakar ya ƙwalla ihu. Daga nan sai turmutsutsu, a tattake tsofaffi da yara masu talla, a kifar da jarin mutane cikin kwata. Shi kuwa mai jakar, kafin ya buɗe baki ya ce fim ne, Allah kaɗai ya san hannun da zai fara kai masa. In ya yi sa'a 'yan gora su riga taron jama'a kama shi. Katin makaranta ba ya magana a irin wannan lokacin.

Haka zancen kakin soja da bindigar roba, waɗanda na ga sun sa a shafi na uku. Sa kaki ba izini laifi ne a dokar ƙasa. Sun kuma so su aro jirgi marar matuƙi don a ga kasuwar daga sama, alhali a farkon 2025 rundunar Haɗin Kai ta sanar da hana tashinsa a Arewa maso Gabas. Duka na sa biro na soke.

Na san abin da wasu za su ce, domin shi ma ya faɗa, kuma da zafi: "Kawu, to labarinmu fa? In ba mu faɗe shi ba wa zai faɗa?" Maganarsa tana da nauyi, ban raina ta ba. Shekara da shekaru baƙi ke zuwa da kyamarori su kwana biyu a otal, su tafi su nuna wa duniya Maiduguri yadda suka ga dama. Yaran da aka haifa cikin dokar hana fita suna da haƙƙin su faɗi abin da idonsu ya gani fiye da kowa. Amma a duba yadda waɗanda suka taɓa wannan batu da gaske suka yi. The Milkmaid, fim ɗin Desmond Ovbiagele na 2020 da ke magana a kan 'yan matan da masu tayar da ƙayar baya suka sace, a jihar Taraba aka ɗauke shi. Timbuktu na Abderrahmane Sissako, na 2014, a garin Walata na Muritaniya aka yi shi, kuma da barewa aka buɗe shi, tana gudu mota na bin ta. Waɗannan mutane ne masu kuɗi da izini da ma'aikata, duk da haka ba su kai wasan cikin raunin ba. Mu kuma yara biyar da waya ɗaya za mu tura tsakiyar kasuwa mai ci?

Akwai kuma abin da ya fi damuna ta fuskar sana'ar kanta. Jakar bam ita ce abu mafi sauƙi da ɗan Maiduguri zai rubuta, domin ita ce abin da ɗan Legas ko ɗan Landan yake tsammani daga gare shi. Ba sai ya yi tunani ba. Abin da Hitchcock yake koyarwa shi ne mai kallo ya san wani abu da na cikin fim bai sani ba. Bam ɗin misali ne kawai ya kawo.

Sai na ce masa ya zauna mu gwada wani. Magariba ta kusa. Wani dattijo mai shagon atamfa yana lissafin cinikin yini, ya rubuta bashin da ya bayar a cikin tsohon littafinsa, ya sa littafin a durowar ƙasa tare da kuɗin adashin mutum goma sha biyu da aka ba shi amana. Ya ja ƙofa, ya sa kwaɗo, ya yi wa maigadi sai da safe. Kyamara ta sauka ƙasa, ta tsaya a kan kwatar da ke gaban shagon, inda wata leda ke tafiya a kan ruwa, amma baya take komawa. Sai rubutu ya fito: 9 ga Satumba 2024.

Yaron ya ɗago ya dube ni. Babu ɗan garin nan da ke buƙatar a yi masa bayani. Cikin daren ne madatsar Alau ta ɓalle, kafin gari ya waye ranar 10 ga wata kogin Ngadda ya haura ya shiga Gwange da Gamboru da Kwastam, ya kai Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, kadoji da macizai suka fito daga gidan zu, fursunoni fiye da 200 suka tsere, abin da ba a ga irinsa ba tun ambaliyar 1994. Mai kallo ya sani, dattijon bai sani ba. Kuma ga tambayoyi nan a buɗe da za su ɗauki fim ɗin gaba: ina littafin ya shiga, wa ya fara isa shagon bayan ruwa ya janye, wa zai yarda cewa ruwa ne ya ci kuɗin? Na san wannan ma ciwo ne, mutane sun rasa rai da dukiya. Bambancin shi ne bokitin ruwa da aka zuba a kwata ba zai sa kowa gudu ba, kuma mai shagon da za a ara zai iya cewa e ko a'a tun kafin a fara.

Maƙwabtanmu ma sun nuna hanya. Titin da ya tashi daga wannan yanki ya bi ta Dikwa zuwa Gamboru Ngala, shi ne ke kai mutum har Njamena, ƙasar Mahamat-Saleh Haroun. Fim ɗinsa Daratt na 2006 labarin ɗaukar fansa ne bayan yaƙin basasar Chadi, kuma abin da ya kunna wutar labarin sanarwa ce a rediyo da wani makaho tsoho da jikansa suke saurare.

Wasu iyaye za su ce to a haƙura da kasuwar mana, a je bayan ajujuwa a ɗauka. Nan kuma ban bi su ba. Fim ɗin ɗalibai da yawa da na gani a Facebook duk kamarsu ɗaya: dogon baranda, ƙofa na buɗe kanta, kiɗan da aka sato daga fim ɗin Indiya. Kasuwa tana ba da abin da kuɗi ba ya saye. Hasken da ke ratsowa ta ɓular buhunan rumfa, ƙamshi ko da ba a jin sa ana ganin hayaƙinsa, ciniki da Kanuri a mayar da Hausa a rufe da Larabcin Shuwa. Yaran Kaduna da ake kira Critics Company da waya mai fasasshen gilashi suka ja hankalin duniya a 2019, a unguwarsu. Ali Nuhu, wanda ke shugabantar Hukumar Fina-finai ta Najeriya tun 2024, a garin nan aka haife shi.

Sai dai shiga kasuwa da ladabinsa. A karɓo takarda daga makaranta. A kai wa shugabannin kasuwa, a gaida Bulama, a sanar da 'yan sanda da 'yan gora na wurin, a gaya musu rana da sa'a da layin da za a tsaya. Sannan a bi masu shagunan layin ɗaya bayan ɗaya. Maganar ɗauka a ɓoye kuwa a manta da ita. Cikin masu zama a bakin rumfunan nan akwai waɗanda suka baro Bama da Marte da Kukawa, akwai matan aure, akwai wanda yake da dalilinsa na ƙin a ga fuskarsa a TikTok, kuma ba dole ne ya faɗa maka dalilin ba. Wanda bai yarda ba a juya kyamara. In ana son cunkoso, ƙafafu da hannaye da bayan mutane sun wadatar, sau da yawa ma sun fi fuska sa zullumi.

Sauran kuma aikin shiri ne. Su je sau biyu ba tare da sun ɗauki komai ba, su zauna a kan benci su ga inda inuwa take da ƙarfe bakwai da inda take komawa da ƙarfe tara, domin in aka ɗauki rabin fitowa da safe rabi da hantsi, wurin haɗawa zai tona asiri. Tulin albasar da ke bayan ɗan wasa ma raguwa yake yi, mai shi ciniki ya fito. Su zana kowane hoto a takarda, ko da zanen 'yan firamare ne, goma sha biyar ko ashirin sun isa minti biyu. Sauti shi ne zai fi ba su wuya: janareto, injin markaɗe, lasifikar mai maganin gargajiya da ba ya gajiya. Gara su rage magana a fitowar, su dawo wata rana su naɗi ƙarar kwaɗo da takun ƙafa da kukan ruwa daban. Zafin Afrilu yana kashe waya a hannu, wutar lantarki kuma kowa ya san halinta, don haka a zo da abin caji cike. Da an kira sallah a ajiye komai. Kuma a sayi wani abu a wurin mutumin da aka tare wa ƙofar shago na awa biyu.

Malaman da ke ba da wannan aiki su ma ina roƙonsu su riƙa karanta takardun kafin yara su fita. Da ɗan ƙanwata bai zo neman alfarma wurina ba, da babu babban da zai ga shafin nan sai bayan an yi.

Rukunin nasu sun yi gardama kwana biyu, ɗaya har ya yi fushi don an cire masa kakin soja, daga ƙarshe suka ɗauki labarin dattijon, suka canza masa sana'a zuwa mai sayar da hula. Mun samu shago, mai shi ya ce a zo ranar Lahadi da yamma. Abin da ya rage shi ne tsohon littafin bashi irin mai baƙin bango da jan gefe, da kuma dattijo mai haƙurin rufe ƙofa ɗaya sau goma. Duk wanda yake da ɗaya daga cikin biyun a cikinmu, ya yi mini magana kafin Juma'a.