Ɗigon Jini Ɗaya Ya Gagare Mu a Gwarzo da Kabo?

Kawuna ya shafe shekara biyu ana yi masa maganin taifot. Manomi ne a wani ƙauye kusa da Getso, siririn mutum da bai san zaman banza ba tun yana saurayi. Sai ga shi yana ta ramewa, alhali tuwon da yake ci ya fi na da. Buta da kwanon sha ba sa nisa da shimfiɗarsa, a dare ɗaya sai ya fita fitsari sau biyar ko shida. Duk lokacin da jiki ya matsa, a goya shi a babur zuwa kemis ko ƙaramin asibiti, a soki yatsa a gwada maleriya, a ce ita ce ta haɗu da taifot, a ƙara masa ruwa, a sallame shi. Matarsa ta taɓa gaya mini kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari, ban ɗauki maganar da muhimmanci ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Da kaka, kututturen kara ya soke shi a tafin ƙafa, bai ma ji ba sai da ya ga jini a takalmi. Gyambo ya ƙi warkewa. Wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce daji ne.

Ranar da muka kai shi Kano, tun likita bai gama kwance tsumman ƙafar ba, wata ma'aikaciyar jinya ta soki yatsarsa, ta taɓa jinin da wani ɗan tsinke, na'ura ta yi 'yan sakan ta nuna lamba sama da 400. Likitan ya dube ni ya ce, "Tun yaushe yake da suga?" Na rasa amsa. An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, kuma damina uku ke nan wasu ke nome masa gona.

Abin da ya fi ƙona mini zuciya shi ne, yatsar nan an soke ta ya fi a ƙirga. Allurar ɗaya ce, ɗigon jinin ɗaya ne, ma'aikacin ma shi ne dai. Tsinken gwajin suga kawai aka rasa, abin da kuɗinsa bai kai kuɗin motar Gwarzo zuwa Kano ba. Da an yi masa wannan gwaji tun shekarar farko, da yanzu yana haɗiyar ƙwaya safe da yamma yana tafiya gona da ƙafafunsa biyu.

Kada wani ya ce mini ƙaddarar mutum ɗaya ce. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da cutar a Afirka, kuma kashi 54 cikin ɗari ba su san suna da ita ba. A nan gida, nazarin da Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar a 2018 ya nuna kusan kashi 6 cikin ɗari na 'yan Najeriya na da ita, a Arewa maso Yamma kuma kashi 3. Na ji masu cewa ai namu da sauƙi ke nan. Mutum uku cikin ɗari, ka je ka tsaya a ƙofar masallacin Juma'ar Gwarzo ko na Garo bayan an yi sallama, ka lissafa. Sannan ka tuna mafi yawansu ba wanda ya taɓa gaya musu. Har yanzu muna ta maganar cewa ciwon masu kuɗi ne, na masu tumbi da shan shayi mai kauri. Kawuna bai taɓa ajiye tumbi ba.

Gwajin nan ba wani ilimin boko mai zurfi ba ne. Mutum ya kwana awa takwas bai ci komai ba, a gwada da safe. In lamba ta kai 126, a sake gwadawa wata rana a tabbatar. In kuwa ya ci abinci, lambar ta kai 200, ga ƙishirwa ga yawan fitsari ga rama, magana ta kusa ƙarewa. Duk malamin asibitin da ya iya gwajin maleriya zai koyi wannan kafin la'asar.

To me ya hana? Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don asusun kula da lafiya a matakin farko. Kano tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, tana da asusun amana na lafiya. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba, aka ce don a rage irin waɗannan cututtuka ne. Mutumin Durun da na Lakwaya suna biyan harajin nan duk ranar da suka sayi lemo a gidan suna. Ina tsinken gwajinsu? Gwarzo mazaɓu goma, Kabo mazaɓu goma. Na'ura ashirin da tsinken da ba ya yankewa, shi ne ya gagari ƙananan hukumomi biyu da suka haifi mataimakan gwamna, da minista, da mataimakin shugaban majalisar dattawa?

Wani wurin in ka matsa, sai a ba ka kwalba a ce kawo fitsari. Gwajin fitsari ya fi babu, amma suga ba ya zubowa cikin fitsari sai ya haura kamar 180 a jini. Wato mai 140 ko 160 da safe, wanda cutar ta fara cin jijiyoyin idonsa da ƙodarsa a ɓoye, za a ce masa lafiyarsa ƙalau, ya tafi gida da murna.

A ƙarshen Oktoba 2024 kwamishinonin lafiya na jihohi sun yi gangamin mako guda da nufin gwada mutum miliyan 10 hawan jini da suga. Ban raina ba. Haka nan duk 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga ta duniya, ana kafa rumfa, a ɗauki hoto, a watse. Amma wanda aka ce masa "Baba, suganka ya hau" a ƙarƙashin rumfa, washegari ina zai je? Wa ya rubuta sunansa? Wa zai neme shi bayan wata ɗaya? Ka gaya wa talaka yana da cuta, ka naɗe tabarmarka ka tafi, tsoro kawai ka bar masa. Daga nan sai hannun masu lasifika a kasuwa, masu jarkar tsimi da ke rantsuwa suna warkar da suga cikin kwana bakwai.

Ni ban ce a bi kowane yaro da kowace budurwa ana sukar yatsa ba, wannan ɓarnar tsinke ce, kuma kuɗin ba su da yawa. A fara da inda cutar ta fi ɓuya. Duk wanda ya haura shekara 40 ya taka ƙafarsa asibiti, ko ciwon kai ya kawo shi, a gwada shi sau ɗaya. Mai hawan jini, mai tarin fuka, wanda uwarsa ko ubansa ke da suga, mace mai zuwa awo, musamman wadda ta taɓa haifar ƙaton jariri ko ta yi ta ɓari, da duk mai gyambon da ya wuce mako biyu. Kuma kada a sake ɗaura wa dattijo ruwa mai suga ba a san lambarsa ba. Wanda aka samu, a shigar da shi littafi, a ba shi metformin a asibitin mazaɓarsa, ƙwayar da ta daɗe a duniya kuma tana cikin mafi araha, a koya masa duba tafin ƙafarsa kowane dare. A kwatanta wannan da kuɗin wankin ƙoda a Asibitin Malam Aminu Kano, inda zama ɗaya ke cin dubban nairori masu yawa, sau biyu ko uku a mako, har sai gona ta tafi, shanu sun bi ta.

Mun taɓa yin abin da ya fi wannan wuya. Lokacin foliyo babu zauren da ba a yi sallama ba, babu rugar da ba a shiga ba, da masu unguwanni da dagatai da limamai, har aka tabbatar da Najeriya ta rabu da cutar a Agusta 2020. Matan da suka yi wannan yawo da akwatin sanyi a kafaɗa suna nan a Kutama da Gude da Masanawa.

Mu ma da namu laifin. Na sha jin dattijo yana cewa, "Gara ban sani ba, in an gaya mini tuwo za a hana ni." Baba, ba wanda zai hana ka tuwo, rage malmala za ka yi, ka ƙara ganye da wake, ka bar lemo. Rashin sanin ne ke hana mutum ƙafa da ido.

Makon jiya na je gaida kawu. Yana zaune a kan buzu a zaure, sandunansa jingine da bango, yana ɓare gyaɗar iri da ba shi zai shuka ba. Na tambaye shi ko ƙannensa biyu sun je an gwada su, tunda uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ya ce ƙaramin ya je har sau biyu, na'urar tana nan cikin durowa, amma an ce tsinke ya ƙare.