Ɗalibin da gaɓoɓi ke wa ciwo: kada a bar shi tsaron takalman 'yan aji

Duk malamin da ya taɓa koyarwa a Madawa, Buza ko Kaita ya san wannan yaron. Da zarar an fito filin wasan motsa jiki, sai a ce masa ya koma gindin bedi ya tsare takalma da jakunkunan 'yan ajinsu, domin gwiwa ko ƙugu na yi masa ciwo. Haka zai yi ta zama daga Oktoba har a rufe lakkol. A ganina wannan tausayin yana cutar da shi, kusan kamar yadda malamin da ke kora shi gudu da bulala yake cutar da shi.

A yankinmu, abin da ya fi kawo ciwon gaɓoɓi mai tafiya yana dawowa a jikin yara shi ne amosanin jini, wato sikila. Lafiyayyar jar ƙwayar jini tana yin kwana 120 a jiki, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 kawai. Tana kuma lanƙwashewa kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi, sai ƙashi ya rasa jini, sai ciwo. Sanyi, ƙishirwa, zazzaɓi da gajiya mai tsanani su ne ke tayar da shi, kuma duka huɗun muna da su: hunturun Disamba da Janairu a kan duwatsun Adar, zafin Afrilu da Mayu, zazzaɓin cizon sauro na damina, ga doguwar tafiya a ƙasa zuwa makaranta.

Sai dai ba kowane ciwon gaɓa ne sikila ba. Akwai wanda ke biyo bayan ciwon maƙogwaro, yana tashi daga wannan gaɓa zuwa waccan, kuma yana iya taɓa zuciya. Mai shi hutu yake buƙata sosai har likita ya sallame shi. Akwai wanda ake ɗauka daga madarar da ba a tafasa ba, maganinsa kan ɗauki mako shida ko fiye. Don haka malami ba shi da hurumin yanke wa yaro cuta da ido. A kai shi asibiti, a dawo da takarda, a kuma roƙi ma'aikacin lafiya ya rubuta abin da yaron zai iya yi. Takardar da ta ce "a ɗauke masa wasa" kawai, rabin aiki ce.

Wani misali daga nesa yana da amfani a nan. A Amurka akwai cutar Lyme da kaska ke yaɗawa, wadda aka gano a 1975 bayan yara da dama a garin Lyme na jihar Connecticut sun yi ta kumburin gwiwa. Mai wannan kumburi yakan sha magani kwana 28, amma sau da yawa gwiwar ba ta komawa daidai ranar da ƙwayoyin suka ƙare. Naman cinya ya riga ya saki saboda zama, sai an sake gina shi sannu a hankali. Wannan gaskiya ce ga kowace gaɓa, ko a Connecticut ko a Bangi. Gaɓar da aka daina motsawa tana sandarewa, naman da ke riƙe ta yana ramewa, ranar da yaron ya tashi gudu kuma ciwon ya fi na da.

Hasarar ba ta tsaya a jiki ba. A ƙasar da yara ke haddace sunayen 'yan kokowar da suka ɗauki takobi, yaron da ba ya langa, ba ya ƙwallo, ba ya shiga fili, ya fita daga hirar tsaransa. Nan da nan za a laƙa masa suna: rago, ko ɗan lele. 'Yan mata sun fi shiga uku, domin a gida ba a ɗauke musu tulu da daka, a makaranta kuma a ce su zauna. An bar musu motsin da ke karya su, an hana su wanda zai gina su.

To me malami zai yi da aji mai cunkoso, babu kayan aiki? Abin ba ya buƙatar kuɗi. Ranar da ciwo ya tashi, hutu ne, babu gardama. Ranar da ya lafa, yaron ya yi tafiya a hankali a gefen fili, ya miƙe gaɓoɓi, ya yi jifa da cafe ƙwallo, ya tsaya duk lokacin da ya ji jiki ya ƙi, ba sai ya nemi izini ba. A ba shi usur ya yi alƙalanci, ko ya riƙe lissafin ci. A bar shi da gorar ruwa a kusa, a bar shi ya fita bayan gida ko sau nawa ne, domin mai sikila yana yawan fitsari, kuma idan an hana shi fita zai daina shan ruwa. Da sanyin safiya kada a tilasta masa cire rigar sanyi don wai kowa ya yi kama ɗaya. Horon tsallen kwaɗo da kamun kunne kuwa, ga irin wannan yaro, bai kamata ma a tattauna shi ba.

Iyaye kuma, ina da magana da ku kan masu tallar magani a kasuwa. Ƙwayar da ke kashe zafi nan take tana iya ɓoye ciwon da ya kamata a gani, wasu suna cin ciki da ƙoda, tramol kuma kowa ya ga abin da ya yi wa matasanmu. Tsaga da ƙaho suna zubar da jinin da dama bai isa ba. Mai sikila ɗumi yake so, tsumma mai ɗumi da ruwan sha. Ƙanƙara tana ƙara masa ciwo. Idan kuwa aka ga zazzaɓi tare da gaɓa mai zafi da kumburi, ko ciwon ƙirji da wahalar numfashi, ko ɗingishin da ya ƙi wucewa, a nufi asibiti a ranar.

Na san nauyin da ke kanku. Maganin kyauta da gwamnati ta kawo a 2006 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 ne, ɗan lakkol ya wuce wannan layi. Babbar cibiyar sikila ta ƙasa tana Yamai, kimanin kilomita 500 daga Madawa. Shi ya sa nake ganin kwamitocin iyayen yara su ɗauki wannan batu tun farkon shekara: a san yaran da ke da ciwon, a ajiye lambar wayar gidajensu wurin darakta, a kuma zauna da malamin wasanni kafin hunturu ya shigo.