Masu Kwana a Bakin Kogwannin Mogao

Kusa da garin Dunhuang, a lardin Gansu na ƙasar Sin, akwai wani dogon gefen dutse da aka fafe ɗaruruwan kogwanni a jikinsa, su ne kogwannin Mogao. Garin tsohon zangon fatake ne a kan hanyar siliki, a bakin hamadar Gobi, inda ruwan shekara guda ba ya wuce kimanin milimita 40. Mabiya addinin Buddha ne suka fafe kogon farko a shekarar 366, aka yi ta ƙarawa har kusan shekara dubu. A yau kogwanni 492 suna ɗauke da zanen bango mai faɗin murabba'in mita 45,000. Bushewar wurin ce ta adana launukan har zuwa yanzu, amma ba ta hana mutane ɓarna ba.

A 1900 wani mai ibada da ke kula da wurin, Wang Yuanlu, yana kwashe yashi daga wani kogo sai ya lura da ƙofa da aka liƙe da laka. Da ya fasa, ya tarar da ƙaramin ɗaki maƙil da takardu wajen dubu 50, waɗanda aka rufe tun farkon ƙarni na 11. Ban da littattafan addini, akwai takardun bashi da na ciniki da wasiƙu, cikin harsunan Sin da Tibet da Uygur da wasunsu. Wang ya ɗebi kaɗan ya kai wa mahukunta. Suka ce babu kuɗin jigila, ya koma ya rufe. A 1907 wani mai binciken kufai, Aurel Stein, ya iso, ya lallashe shi da kuɗi kaɗan, ya ɗaure akwatuna ya yi Landan da su, ciki har da wani littafi da aka buga a 868, mafi tsufan bugaggen littafi mai kwanan wata a duniya. Shekara na zagayowa Bafaranshe Paul Pelliot ya zo ya tsince mafi daraja a cikin ragowar. A 1924 Ba'amurke Langdon Warner ya shafa gam a bango ya ɓamɓare zane. An daɗe ana tsine wa Wang. Ni dai na fi ganin laifin waɗanda ya kai wa kuka suka toshe kunne.

Sauyi ya fara ne lokacin da wani ya yarda ya tare a wurin. Chang Shuhong, mai zane da ya yi karatu a Faris, ya isa Dunhuang a 1943, ana tsakiyar yaƙi, a 1944 kuma aka kafa cibiyar bincike a gindin dutsen. Shi da mutanensa suka kwashe yashi da hannu, suka ja katanga, suna shan ruwa mai gishiri. A 1963 wata yarinya da ta gama karatun binciken kufai a Jami'ar Peking, Fan Jinshi, ta zo aiki. Ta yi shekaru da yawa tana Dunhuang mijinta yana wani gari mai nisa, kuma ba ta bar wurin ba har ta shugabanci cibiyar.

Zaman ne ya koya musu abin da mai ziyarar mako biyu ba zai gani ba. Yashi daga tuddan da ke saman dutsen yake gangarowa, don haka suka tare shi tun daga can: shingen raga, da shuke-shuken hamada, da kara da ake cusawa cikin rairayi layi-layi a tsaye da a kwance, kamar gidajen dara, don iska ta rasa ƙarfin ɗaukarsa. Babban abokin gaba kuwa gishiri ne da ke cikin lakar da aka yi yaɓe da ita. In danshi ya ƙaru sai ya narke, in wuri ya bushe sai ya sake daskarewa ya tura fenti waje, zanen ya riƙa ɓarewa yana zuba. Numfashin baƙi da guminsu kaɗai sun isa su jawo haka a ƙaramin kogo. Tare da Cibiyar Getty ta Amurka, wadda suke aiki da ita tun 1989, suka sa na'urorin auna danshi da iskar numfashi. In awo ya wuce ƙima sai a rufe kogon ya huta. Suka ƙayyade tikitin yau da kullum a kan mutum 6,000, a 2014 kuma suka buɗe zauren da baƙo zai kalli hotunan kogwannin kafin ya shiga 'yan kaɗan.

Hamadarmu ma tana da irin wannan ajiya. A Gobero, cikin Tenere, ayarin Paul Sereno da ke neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare ya ci karo da maƙabarta a 2000, mai kaburbura wajen 200 na mutanen da suka zauna bakin tafki lokacin da Sahara take kore. Iskar da ta tone su ita ce ke cinye su kullum. A Dabous, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa da aka sassaƙa a dutse, babban ya fi mita 5. A Dufuna ta jihar Yobe, makiyayi ne mai haƙar rijiya ya gano kwalekwale mai shekara kusan 8,000 a 1987. Shi an saurare shi, shi ya sa kwalekwalen yake hannunmu.

Ba mu da kuɗin Sin, amma Chang ma bai fara da na'ura ba. A Dabous an haƙa rijiya don Buzayen da ke gadin wurin su iya zama, kuma wannan shi ne matakin da ya dace a yawaita. Mai gadi ɗan yankin, da albashi mai zuwa kan lokaci, da littafin da zai rubuta abin da iska ta tone a wannan watan, da ofishin da zai amsa in ya kira. Sai kuma ɗaliban jami'o'in Agadas da Yamai da Zariya da za a ba guzurin zama watanni a wurin, maimakon su jira baƙi su zo da motoci su tafi da rahoton.