Kafin ku biya kuɗin "sa wa mota kwamfuta", ku san irin motar da kuke da ita

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin kai amfanin gona kasuwa ya zama ciwon kai. Kayan gyara da ake saye a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna yawanci daga waje suke zuwa, sun yi tashin gwauron zabo. Gyaran canki-canka, a sauya wannan a gani, a sauya wancan a gani, ya fi ƙarfin aljihun ƙungiyar manoma. Shi ya sa yanzu gareji da yawa za ku ji an ce, "A sa mata kwamfuta." Shawara ce mai kyau, amma fa ba kowace mota take karɓa ba.

Na'urar ba ta ganin cikin inji. Tambayar ƙwaƙwalwar motar take yi, ita kuma ta faɗi abin da ta rubuta. To, tsofaffin motoci irin su Mercedes 911 da J5 mai dizal, waɗanda famfon mansu na ƙarfe ne zalla, ba su da wannan ƙwaƙwalwa. Wanda ya karɓi kuɗinku don ya duba irinsu da kwamfuta, ya ci banza. Maganinsu kunnen gogaggen makanike, launin hayaƙi, da gwajin nozul a wurin masu famfo.

Sai 'yan tsakiya. A Amurka an wajabta tsarin OBD-II ga ƙananan motoci tun 1996. A Turai masu fetur sun shiga tsarin a 2001, ƙananan masu dizal kuma a wajen 2004. Soket ɗinsa mai rami 16 ne, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Amma manyan motoci sun makara, kuma kowane kamfani da yarensa. Tsohuwar DAF ko MAN na iya kasancewa da ƙwaƙwalwa, amma sai na'urar da ta san yarenta da kan waya na musamman. Manyan motocin Amurka kuwa soket mai zagaye suke da shi, mai rami 6 ko 9. Ga wani tarko: 'yar ƙaramar na'urar nan mai araha da ake haɗawa da wayar hannu, yawanci don motar volt 12 aka yi ta. Manyan motoci da yawa volt 24 suke. A soka ta a nan, tana iya ƙonewa nan take.

Ko da na'urar ta karanta, lambar da ta fito shaida ce, hukuncin na makanike ne. Misali, P0087 na nufin ƙarfin man da ke zuwa ga nozul ya yi ƙasa. Wani zai ce muku famfo ya mutu, a sayo sabo. Alhali toshewar matatar mai, ko iska da ke shiga ta tiyo, ko wayar da ta goge, duk suna kawo wannan lamba. Da ƙurar hunturu, da dizal ɗin bakin hanya mai ruwa da datti, a wurinmu matata ce abin fara zargi. A fara da mai araha tukuna.

Ku kuma lura, goge lamba ba gyara ba ne. Fitila za ta mutu, ku biya, ku yi lodi, kafin a kai Lokoja ta dawo. Buhun masara zai iya kwana uku a gefen titi. Kwandon tumatir da aka ɗauko daga Kwanar Gafan zuwa Mile 12 a Legas ba zai jira ba.

Inda na'urar ta fi biyan kuɗinta shi ne ranar sayen mota ta hannu. Ku tafi da naku mai dubawa, ba na dillali ba. Ku murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba: dole fitilar inji ta kama, sannan ta mutu bayan an tayar. In ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta ne. A motocin OBD-II na'urar na iya nuna cewa ba a daɗe da goge lambobi ba. In haka ne, a yi tafiya mai ɗan nisa da ita, a sake dubawa.

Shin ƙungiya ta sayi tata na'urar? In motarku ɗaya ce, babu buƙata. Ku nemi mai wayarin da ya saba da irin motar, ku tambaye shi ko na'urarsa na karanta ƙirar da shekarar kafin a yi ciniki. Sakatare ya ajiye littafi: ranar dubawa, lambar da ta fito kafin a goge, abin da aka sauya, da kuɗinsa. Ku karɓi tsohon kayan da aka cire. A yi wannan duba makonni kafin kaka, lokacin da mota za ta iya kwana a gareji ba tare da amfanin kowa ya lalace ba.