A Gwada Maganin Ƙwari a Ruwa Kafin a Sake Shi Kasuwa

Sanin kowa ne cewa yawancin maganin ƙwarin da ake fesawa a gona, abin da bai tsaya a ƙasa ba ruwa ne makomarsa. Ruwan sama ya wanke shi zuwa fadama, daga fadama sai rafi, daga rafi sai randar jama'a. Saboda haka tambayar da ta wajaba a kan kowane sinadari ita ce: in ya faɗa ruwa, kwana nawa zai yi bai lalace ba?

Masana suna da hanyar amsa wannan tambaya, kuma ba ta da wani tsada. Ƙa'ida ta 111 ta ƙungiyar OECD, wadda aka fitar a 1981 aka kuma sabunta a 2004, ta tsara a narkar da sinadarin cikin ruwa iri uku: mai ɗan tsami, tsaka-tsaki, da mai kanwa-kanwa, wato 4 da 7 da 9 a ma'aunin pH. Sai a ajiye su cikin duhu, a zafin digiri 50, har kwana 5. In abin da ya lalace bai kai kashi 10 cikin 100 ba, to, an san sinadarin zai iya wuce shekara a ruwa rabinsa bai gushe ba.

Masunta da yawa ba su manta da Gamalin 20 ba, wanda wasu marasa tausayi suka riƙa zubawa a kogi don kama kifi. Sinadarin da ke cikinsa, lindan, yana daɗewa a ruwan da ba shi da kanwa, yana kuma taruwa a kitsen kifi. Sai a 2009 aka shigar da shi jerin sinadaran da Yarjejeniyar Stockholm ta haramta, bayan ya sha zagaya koguna shekara da shekaru.

Akwai kuma wata asarar ta ɗaya gefen. Wasu magungunan, irin su dikulobos, ruwa mai kanwa yana saurin kashe musu ƙarfi. Manomin da ya dama magani da irin wannan ruwa ya bar shi ya kwana, gobe ruwa zalla zai fesa, sa'an nan ya zargi mai shago da sayar masa da jabu.

Hukumar NAFDAC ce ke yi wa waɗannan magunguna rajista. Abin da ya kamata shi ne jami'anta su nace sai sun ga sakamakon wannan gwaji, su kuma karanta shi da idon basira, domin ruwan rijiyar yankin Tafkin Chadi, inda kanwa take, ba ɗaya yake da ruwan ƙasar da aka yi maganin ba, zafin Maiduguri a watan Afrilu kuwa yana hanzarta ruɓewar sinadari. Sassan ilmin sinadarai na jami'o'in Zariya da Kano da Maiduguri suna iya maimaita gwajin da ruwan Kogin Haɗejiya ko na rijiyoyin Yobe, ɗalibai su samu aikin bincike na kammala digiri, malaman gona kuma su samu abin da za su faɗa wa manomi game da ruwan da zai dama maganinsa da shi.