Babu tsutsa cikin haƙori

Ranar kasuwa, daga Maraɗi har Damagaram, ba a rasa mai turara wa mutane hayaƙi a baki, ya nuna musu «tsutsa» cikin kwano, ya karɓe kuɗinsu. Ƙarya ce tsagwaronta. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da shayi da alawa suka bari, su fitar da tsami mai zaizaye haƙori har ya yi kogo. Kanumfari yana kwantar da zogi, amma ba ya toshe rami.

Maganin kogo ciko ne. Likitan haƙori ya kankare ruɓar, ya cike gurbin, mutum ya ci gaba da tauna da abinsa. In aka yi jinkiri har ruɓa ta kai jijiya, sai kumburi, galibi sai cirewa. Haƙorin babba kuwa ba ya sake tsirowa.

Sai dai ɗora wa talaka laifi shi kaɗai zalunci ne. Likitocin haƙori sun taru a Yamai da manyan birane, an bar ƙauye a hannun ƴan damfara. Rashin lantarki ba hujja ba ne: tun shekarun 1980 aka gwada a Tanzaniya cewa ana iya yin ciko da kayan hannu kawai, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya simintin wannan ciko cikin jerin magungunan dole. Me ya hana shi isa asibitin karkara?

Malaman lakwal su koya wa yara asuwaki da duba baki, ƙungiyoyi su matsa wa hukuma lamba. Ramin da ɗan siminti zai toshe yau, gobe sai awartaki.