Zuwa Ga Masu Tara Tsofaffin Tafireta



Roƙona gare ku ɗaya ne: idan tsohuwar tafireta ta shigo hannunku, kada ku yi gaggawar kai ta wurin mai fenti. Underwood mai lamba 5, wadda ta fito a 1900, miliyoyinta aka ƙera, ita ma Olivetti Lettera 22 ta 1950 ba ta yi wuyar samu ba. Abin da ya raba taku da sauran shi ne tabon da aiki ya bar mata: tambarin dillalin da ya sayar, lambar da ofishi ya rubuta a bayanta, haruffan da suka cinye, da lambar kamfani da ke jikin ƙarfen, wadda da ita ake gano shekarar ƙira. Kada a raina wannan tabo. A shari'ar Alger Hiss da aka yi a Amurka a 1949 da 1950, sai da aka shigo da tafireta ƙirar Woodstock kotu, domin kowace na'ura da irin karkatar haruffanta, kuma takardar da ta buga kan tona ta.

A ƙasar Hausa kuwa, batun ya fi nauyi. Tafiretar da aka ƙera don Turanci ba ta da ɓ, ɗ da ƙ, shi ya sa akawu kan gama bugu sannan ya bi da biro yana lanƙwasa kawunan haruffa. To, in kun ci karo da wadda aka cire mata wani harafi aka dasa ƙ, kun riƙe shaidar yadda rubutun boko ya samu gindin zama. Wanda ya mayar mata da harafin asali wai don ta koma sabuwa ya yi ɓarna, ko da niyyarsa gyara ce.

Za ku ce tsatsa ba ta jira, mai saye kuma ƙyalli yake bi. Gaskiya ne tsatsa abokiyar gaba ce: a kankare ta, a sauya robar da ta bushe, a sa sabon ribon. Duk wannan raya na'ura ne, ba ya goge komai. Fenti ne ke binne tambari har abada, kuma masu saye da suka san kan abin sun fi daraja fentin asali, ko ya koɗe. Kafin ku kwance ko noti ɗaya, ku ɗauki hotonta ta kowace fuska, ku buga duk haruffanta a takarda, ku rubuta inda aka samo ta.

Wassalam.